Ofishin da ke shirya wa ƙananan 'yan kwangila takardu a Kaduna: abin da na gani cikin shekara ɗaya da rabi

Shekara goma sha huɗu na yi ina ƙera bencina da teburan makaranta, da ƙyamare da tagogin ƙarfe, a shagona da ke Zariya, kuma a tsawon wannan lokaci yawancin abin da muka ƙera na gwamnati ne, amma sunana bai taɓa hawa kan takardar kwangila ko sau ɗaya ba. Wani ne ke samo aikin, ya sayar wa wani, shi kuma na biyun ya zo ya ba ni jinga, ta yadda kafin kuɗin ya iso hannun wanda ya riƙe guduma da injin walda ya riga ya bi ta hannu uku, kowane hannu ya gutsiri nasa. Wannan ne ya sa a ƙarshen 2023 na yanke shawarar in nemi aiki da sunan kaina, kuma wani abokina mai sayar da kwano da katako ya kwatanta mini wani ƙaramin ofishi a saman bene a cikin garin Kaduna, wanda sana'arsa ita ce shirya wa ƙananan 'yan kwangila takardu. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin ba talla nake yi masa ba, kuma akwai kurakuransa da zan faɗa. Abin da nake so shi ne mai sana'a irina ya san abin da zai tarar idan ya shiga irin wannan wuri, da abin da ya kamata ya tambaya kafin ya ciro kuɗinsa.

Mutum huɗu ne ke aiki a wurin: dattijon da ya kafa shi, wanda ya yi ritaya daga aikin ƙididdigar kayan gini, da wata baiwar Allah mai kula da lissafi da haraji, da samari biyu masu aikin kwamfuta da kai takardu. Ayyuka uku suke yi. Suna taimaka wa mutum ya haɗa takardun cancanta, suna aiko da sanarwar ayyukan da hukumomi suka tallata tare da shirya tenda, wato takardun neman kwangila da farashin da mutum ya sa, ga wanda yake so, sannan suna da rajistar masu sana'a da masu neman aiki waɗanda suke haɗawa da ɗan kwangilar da ya yi nasara. Maganar farko da dattijon ya yi mini bayan mun gaisa ita ce: "Malam, mu nan ba ma sayar da kwangila, kuma ba mu da kowa a ciki. Idan hanya kake nema, ba nan ba ne. Idan takarda kake so ta tsaya da ƙafarta, bismillah." Na ce masa, "Baba, ai ni ma abin da ya kawo ni ke nan." Na kawo wannan ne saboda kafin in je can na zauna da mutum biyu da suka yi mini alkawarin aiki a hannu muddin na ba da kaso goma tun kafin a gani a ƙasa, kuma na san mutanen da suka ba da irin wannan kuɗi suka shekara suna sintiri. A wannan ofishi kuɗin aiki ƙayyadadde ne a kan kowace tenda, an rubuta shi an manna a bango, ana ba da rasit, kuma ba su da kaso a cikin kwangilar idan ta fito. A lokacin da na fara zuwa, abin da suke karɓa kan tenda ɗaya bai kai kuɗin buhun siminti goma ba.

Ɓangaren haɗa takardu ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne na fara gane amfaninsu. Ayyukan gwamnatin tarayya suna tafiya ne bisa dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan harkar, kuma duk sanarwar da mutum ya ɗauka zai ga kusan jerin buƙatu iri ɗaya: shaidar rajistar kamfani daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, lissafin kamfani na shekara uku da akanta mai lasisi ya bincika ya sa wa hatimi, shaidar hukumar fansho ta PenCom, ta asusun horar da ma'aikata na ITF, ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki, shaidar ayyukan da aka taɓa yi, da takardar rantsuwa daga kotu. Ni da na je, abin da nake da shi kawai rajistar sunan kasuwanci da lambar haraji wadda ban taɓa waiwaya ba tun da aka ba ni. Mai kula da lissafin ta zaunar da ni ta bayyana mini bambancin sunan kasuwanci da cikakken kamfani, da dalilin da ya sa hukumomi da yawa suka fi natsuwa da na biyun, da kuma cewa tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa kamfaninsa ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Ta kuma nuna mini cewa waɗannan takardu alama ce ta wani nauyi na gaske da ke kan mai ɗaukar ma'aikata: a tsarin fansho na 2014 mai kamfani yana zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci yana zuba kashi 8, sannan asusun inshorar ma'aikata yana karɓar kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi domin a biya diyya idan wani ya ji rauni a bakin aiki. Ga wanda yaransa ke aiki da injin yankan ƙarfe da wutar walda kullum, wannan na ƙarshe abu ne da na yi nadamar rashin saninsa tun da wuri.

Wata huɗu muka yi kafin takardun su kammala, kuma jinkirin yawanci daga wajena ne, domin ban taɓa ajiye lissafin shago a rubuce yadda akanta zai iya bi ba. Abin da ya ƙara mini yarda da su ya faru ne a cikin wannan lokaci. Wata sanarwa ta fito wadda ta dace da ni ƙwarai, ta kujerun ɗalibai, amma takardar harajina ba ta fito ba, sai wani da muka haɗu a matakalar benen ya ce zai iya samo mini ita cikin kwana biyu. Da na gaya wa dattijon, sai ya ce idan na kawo irin wannan takarda ba za su sa ta a cikin fayil ba, domin hukumomi suna iya tantance ta, kuma dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mutumin da aka kama da irin wannan laifi, shi kuma kamfani a hana shi neman aikin gwamnati aƙalla shekara biyar tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar kwangilar. Na bar wannan aiki ya wuce, kuma raina ya sosu a lokacin, amma ban ga laifinsu ba. Sun kuma koya mini wani abu da ƙananan 'yan kwangila da yawa suke mantawa: yawancin waɗannan takardu suna mutuwa ne ranar 31 ga Disamba, saboda haka wanda bai fara sabunta su tun farkon shekara ba zai iske an tallata aiki alhali hannunsa babu komai.

Game da sanarwar ayyuka, suna aiko ta ne ta WhatsApp sau ɗaya a mako, sun tsamo ta daga mujallar tenda ta gwamnatin tarayya da manyan jaridu, kuma suna rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa a ƙarƙashin kowace, wanda yake taimako ne babba ga wanda Turancinsa na kasuwa ne. Rauninta shi ne ta karkata ga ayyukan tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin da nasu rajistar 'yan kwangila, kamar yadda Kaduna ta yi tata dokar a 2016, kuma ƙananan ayyukan da suka fi dacewa da mai shago irina, wato gyaran ajujuwa, kujeru, katangar asibitin karkara, rumfunan kasuwa, galibi daga jiha ko ƙaramar hukuma suke fitowa. Waɗannan kuwa sukan zo a jerin nasu a makare, wani lokaci saura kwana biyar ko shida a rufe, kuma na Kano da Katsina da Jigawa kusan ba sa bayyana. Sau biyu na ji labarin aiki a bakin abokan sana'a kafin in gan shi a saƙonsu.

Inda suka fi ƙwarewa, kuma inda nake ganin kuɗin da mutum ya biya ya halatta, shi ne sa farashi. Dattijon ba ya yarda a cike takardar ƙididdigar kaya daga kan tebur. Dole a je a ga wurin, a auna, a tambayi kuɗin tifar yashi da tsakuwa a wannan gari, a san nisan ruwa, a san ko babbar mota tana iya shiga da damina. Yakan ɗauki layi ɗaya, a ce murabba'in mita na filasta, ya warware shi gaba ɗaya: siminti nawa zai ci, yashi nawa, birkila zai yi mita nawa a yini, lebura nawa zai bi shi, asarar kaya nawa za a ƙiyasta, sannan a ɗora kuɗin gudanarwa da riba. Shi ya fara nuna mini cewa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da harajin da ake cirewa tun daga tushe kafin a biya mutum dole su shiga lissafi tun farko, in ba haka ba ribar da mutum yake hange a takarda ita ce za ta tafi. Haka kuma yana sa a yi lissafin jira, domin ko da yake doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri mai jawo ƙarin kuɗi bisa abin da yarjejeniya ta ƙunsa, ɗan kwangila mai hankali yana shirya wa jiran da ya fi haka. Mun yi wannan aiki ne a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, farashin rodi da kwano kuma yana sauyawa kusan kowane mako. A irin wannan yanayi, mai zaftare farashi don kawai ya ci tenda yana haƙa wa kansa rami ne, kuma da yawa daga cikin gine-ginen da ake gani an yi watsi da su a matakin linta daga nan suka samo asali. Dattijon ya sha maimaita mini cewa doka ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, cewa ta yi a ba mafi araha daga cikin waɗanda aka tantance suka cika dukkan sharuɗɗa, kuma ya fi son mu faɗi da farashin gaskiya a kan mu ci da wanda ba za mu iya kammalawa ba.

Tenda huɗu muka shiga tare. Ta farko ta faɗi ne saboda kuskurensu, kuma dole in faɗe shi dalla-dalla. Doka ta wajabta wa mai neman kwangila ya haɗa da rantsuwar da ke bayyana ko akwai wani jami'in hukumar da ke ba da aikin wanda yake darakta ne ko mai hannun jari ko mai wata moriya a kamfanin, tare da tabbatar da cewa duk bayanan da aka bayar gaskiya ne. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗauko tsohon rubutun da suka yi wa wani, ya sauya sunan kamfani, amma ya bar sunan wata hukuma dabam a tsakiyar shafin. Na kai kotu aka buga hatimi ban lura ba, su ma ba wanda ya sake dubawa. A kan wannan layi ɗaya aka fitar da mu tun a matakin tantance takardu, ba a ma buɗe ambulan ɗin farashinmu ba. Na yi asarar kuɗin sayen takardar tenda da na biya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, da kuɗin kotu, da kuɗin ɗab'i da ɗauri, da tafiya biyu. Dattijon bai yi gardama ba, ya ce laifinsu ne, kuma sun shirya mini ta gaba kyauta, amma sauran asarar ni na ɗauke ta. Tun daga ranar nake karanta kowane shafi da kaina, ko in sa ɗana ya karanta mini, kafin a rufe ambulan, kuma shawarata ga duk wanda zai yi hulɗa da su ke nan, domin a lokacin da ayyuka suka yi yawa mutum biyu ne kawai ke buga takardun kamfanoni fiye da goma.

Duk da haka wannan tenda ce ta sa na halarci buɗe tenda karo na farko a rayuwata, kuma su ne suka matsa mini in je da kaina maimakon in tura yaro. Ana buɗewa ne a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a gaban masu nema ko wakilansu da 'yan sa-ido, a kira sunan kowane kamfani da ƙarfi, wanda kuma ya kawo tasa bayan an rufe akwati a mayar masa da ita ba a buɗe ba. Na ga wani ya iso da minti kaɗan a makare daga Kano aka ƙi karɓa. Zaman wannan ɗaki ya rage mini wani tsoro da na daɗe da shi, na cewa duk harkar a bayan labule ake gama ta. Ban ce babu masu uwa a gindin murhu ba, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san akwai, amma na ga cewa mutane da yawa takardunsu ne ke kayar da su tun kafin a kai ga maganar wa ya san wa.

Ta biyu mun faɗi a kan farashi, kuma ban da ƙorafi. Ta uku ce ta bar mini tabo, domin a wurin buɗewa farashinmu ne na biyu a sauƙi, wanda ya fi mu sauƙi kuma an ga takardarsa ɗaya ba ta cika ba, amma daga baya aka ji aikin ya tafi ga kamfanin da ya fi mu tsada. Doka ta ba mai nema damar kai kuka a rubuce ga shugaban hukumar cikin kwanakin aiki 15 daga lokacin da ya san abin da ya faru, shi kuma ya ba da amsa cikin kwanakin aiki 15, idan ba a gamsu ba a ɗaukaka zuwa BPP cikin kwanakin aiki 10, daga nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya. Ofishin sun san wannan sarai, su ma suka karanta mini shi, amma da na ce a rubuta, sai dattijon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, gobe ma rana ce, kada a sa maka ido." Na fahimci dalilinsa, domin yana da mutane da yawa da ke neman aiki a wurare iri ɗaya kuma ba ya son sunan ofishinsa ya zama na masu rigima. Amma ban yarda da shi ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya tsaya masa a kan takarda ya kamata ya tsaya masa har zuwa inda takardar ta ba shi haƙƙi, ko aƙalla ya haɗa shi da lauyan da zai yi. Kafin in gama shawara da kaina wa'adin ya wuce.

Ta huɗu Allah ya nufa muka samu: gyaran ginin ajujuwa uku da ofis, da sauya rufi, da kujeru, a wani gari mai tafiyar kusan awa biyu daga Zariya. Sun taimaka wajen karanta yarjejeniya kafin in sa hannu, sun kuma bayyana mini cewa kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar 2007 ta ƙayyade a kashi 15 cikin ɗari na darajar kwangilar kafin a ɗaga shi zuwa kashi 30 a gyaran 2020, ba ya fita sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa mutum a rubuce. Daga nan kuma sai suka sake ni, domin ba su da wata alaƙa da banki ko inshora da za ta sauƙaƙa wa ƙaramin kamfani, sai da na yi mako uku ina fafutuka ni kaɗai.

Yanzu sai rajistar masu neman aiki, wadda ita ce ta fi damuna, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan. A ganina babban amfanin kwangilar gwamnati ga gari, bayan ginin kansa, shi ne kuɗin da ke shiga aljihun mutanen wurin a lokacin da ake yin sa. Idan ɗan kwangila ya kwaso birkiloli da leburori da mai dafa abinci daga birni, ya sauke su a mota, ya gama ya kwashe su, mutanen garin sun samu aji amma ba su samu aiki ba, kuma gobe idan iska ta ɗaga kwano babu wanda yake jin ginin nasa ne balle ya ɗauko tsani. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da hukumomin tarayya ke kashewa kan wasu kayayyaki, ciki har da kujeru da kayan gini, ya tafi ga na gida, mai lamba 5 na 2018 kuma ya fifita kamfanoni da ƙwararrun Najeriya a ayyukan injiniya da fasaha. Amma "na gida" a waɗannan takardu yana nufin ɗan Najeriya, ba ɗan garin da ake aikin ba. Ko saurayin da ke zaune a gindin bishiya yana kallon tifa tana sauke yashi zai samu aikin yini, wannan ya rage ga ɗan kwangila da wanda ke ba shi shawara. Shi ya sa da na ji suna da rajista na ɗauka sun cike wannan giɓi.

Abin da na tarar bai kai abin da na zata ba. Littafi ne babba da fayil a kwamfuta, da sunaye masu yawa, amma kusan dukkansu mazauna cikin garin Kaduna ne, ba a ware su bisa ƙaramar hukuma ba, kuma ba a sabunta su. Daga cikin birkiloli takwas da suka ba ni, uku lambarsu ba ta shiga, biyu sun bar sana'ar sun koma tuƙa Keke Napep, ɗaya ya tafi Abuja. Babu wanda ya taɓa gwada hannun kowa, saboda haka sunan ƙwararren magini da na wanda ya yi wata uku yana koyo a layi ɗaya suke. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na gano ana karɓar ɗan kuɗin rajista daga hannun waɗannan samari. Kuɗin ba shi da yawa, amma ga wanda ba shi da aiki kuɗin abincin kwana biyu ne, kuma an karɓa ne a kan fatan da ofishin bai yi wani tsari na cika shi ba. Idan akwai wanda ya kamata ya biya, ɗan kwangilar da ke neman ma'aikata ne.

Da na ga haka sai na bi hanyar da iyayenmu suka saba. Na je na gaida dagacin garin tare da shugaban makarantar, na ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne ya kawo mu, kuma muna so 'ya'yanka su yi shi." Kafin la'asar an tara mini magina huɗu da leburori fiye da yadda nake buƙata. Na gwada maginan da jera bulo layi uku-uku, na ɗauki uku. Daga shagona mutum biyar kawai na kawo, masu walda da kafintocin rufi, sauran duk 'yan garin ne: leburori tara, mai gadi, masu kura biyu da ke kawo ruwa, da wata dattijuwa da 'ya'yanta da suka riƙa dafa mana abincin rana har mako bakwai. Bulo ma a wurin mai buga shi na garin muka saya, bayan na tsaya an gyara yawan simintin da yake sawa. Biya kuwa duk ranar Alhamis ne, a hannu, a gaban kowa, domin na san zafin a ce wa mai aiki ya jira sai gwamnati ta biya. Yara biyu daga cikin leburorin sun biyo ni Zariya suna koyon walda yanzu. Duk wannan babu hannun ofishin a ciki, alhali su ne ya kamata su fara ba ni wannan shawara, su ma sa ta a cikin lissafin farashi tun farko, domin ɗaukar 'yan gari ya rage mini kuɗin mota da masauki ƙwarai.

Adalci ne in faɗi wuri ɗaya da rajistar tasu ta yi amfani. Ayyukan gini suna buƙatar a nuna ƙwararrun ma'aikata, kamar injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN, kuma sananniyar al'ada ce a ari takardun injiniya a sa a fayil a ba shi na goro, ba tare da ya taɓa taka wurin aikin ba. Dattijon ya ƙi wannan. Ya haɗa ni da wani matashin injiniya mai rajista wanda ya daɗe ba shi da tsayayyen aiki, muka rubuta yarjejeniya, ya riƙa zuwa sau biyu a mako, kuma shi ne ya gano cewa katakon da ke ƙarƙashin tsohon rufin gara ta cinye shi fiye da yadda aka rubuta a takarda, ya shirya bayanin da ya sa hukumar ta amince da ƙarin aikin a rubuce kafin mu taɓa shi. Da ba don shi ba da na yi aikin daga aljihuna. Wannan ya nuna mini cewa suna iya yin haɗin da ya dace idan sun ɗauki abin da muhimmanci, kuma masu takardar makaranta sun fi samun kulawarsu a kan masu aikin hannu.

Wanda yake da sana'a a hannu da ɗan jarin da zai iya jure wata huɗu ko biyar na haɗa takardu, da faɗuwa sau biyu ko uku kafin a dace, zai amfana da wannan ofishi, musamman wajen haraji da sa farashi. Wanda yake neman a ba shi aiki a sayar, ko wanda zai ci bashi don ya biya kuɗin tenda, ba wurinsa ba ne. Mai neman aikin yini kuwa, ban ga dalilin da zai sa ya biya kuɗin rajista ba a yadda take yanzu. Zuwa wurin da ake aikin da sassafe, ko sanar da mai unguwa da shugaban magina na yankinsa, ya fi saurin kai shi ga aiki.

Na koma wurinsu a watan Janairu don sabunta takarduna, kuma zan ci gaba da ba su aikin lissafi da farashi. A wannan zuwan na gaya wa dattijon ra'ayina game da rajistar ba tare da ɓoye komai ba: a daina karɓar kuɗi daga masu neman aiki, a ware sunaye bisa gari da sana'a, a riƙa kiran lambobin ko da sau biyu ne a shekara, kuma ni a shirye nake in biya idan sun kawo mini magini da suka tabbatar da hannunsa. Ya saurare ni har na gama, ya rubuta a takarda, ya ce maganar ware sunaye za su fara ta, ta kuɗin kuma sai ya yi shawara da abokan aikinsa. Na bar masa sunayen magina ukun nan da lambobinsu, da izininsu, domin idan wani ya samu aiki a wannan yanki ya san akwai masu hannu a can.